Maigidan da Ya Ba da Aron Gora

An yi wani maigida a wani gari, mutumin kirki, wanda bakinsa bai saba da cewa a'a ba. In ka nemi aron gatarinsa, sai ya haɗa maka da fartanya. In ka riƙe kekensa har buƙatarsa ta taso, shi ne zai zo yana ba ka haƙuri kafin ya tambaya ko ka gama da shi. Mutanen gari suna yabonsa, a majami'a ma ana ba da misali da shi. Matarsa, wadda ake kira Maman Rahila, ita kaɗai ta san abin da kirkin nan yake jawo wa gidan, amma tana ƙaunar mijinta, tana kuma rufa masa asiri.

Sai ya zama iyalinsa suka yi yawa, filinsa kuwa kaɗan ne, ya ƙudura zai yi gini mai bene. Ya kira magini, aka tayar da bangon hawa na farko har ya kai inda za a rufe. Kafinta ya shimfiɗa katako a sama daga bango zuwa bango, a ƙarƙashi aka jera sandunan gora kusa da kusa, kowace tana tokare da katakon. Aka ɗaure rodin ƙarfe, aka kwaɓa siminti da yashi da tsakuwa, aka zuba kankare a kan katakon, domin ya zama rufin ƙasa, ya kuma zama daɓen sama.

Da aka gama, maginin ya ja maigidan gefe ya ce masa, "Maigida, kankare yana da yaudara. Gobe in ka hau za ka ji ya yi tauri, amma cikinsa ɗanye ne. A yanzu gorar nan ce take ɗauke da shi. Kada a zare ko ɗaya, kada a ɗora kaya a sama, kada kowa ya zauna a ƙarƙashi, sai na dawo na duba. A dinga yayyafa masa ruwa safe da yamma."

Maigidan ya ce, "Na ji." Maginin ya tafi wani aiki a wani gari.

Ku lura da wannan, gama shi ne abin da yake ba ni haushi a labarin nan. Mutumin ba kurma ba ne, ba wawa ba ne. Ya ji, ya gane, har ya maimaita wa matarsa maganar da bakinsa.

Ba a daɗe ba maƙwabcinsa na kusa ya shigo. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka yi barka da aiki. Maƙwabcin ya leƙa ƙarƙashin ginin ya ce, "Kai, Baban Rahila, wannan ai dajin gora ka dasa! Ka san jibi muke suna, sanda ɗaya ta rage mini in gama kafa rumfa. Guda ɗaya kawai. Ana tashi daga biki zan maido."

Maigidan ya buɗe baki da niyyar faɗin abin da magini ya ce. Sai ya dubi fuskar mutumin da suka tashi tare tun suna yara, kunya ta kama shi. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Haba, har sai ka tambaya? Ɗauki daga gefe." Maƙwabcin ya bugi gindin gorar da dutse, ta fita, ya saɓa a kafaɗa ya tafi yana sa albarka. Kankaren bai motsa ba, maigidan ya ce a ransa ai guda ɗaya ba komai.

A wurin sunan nan kowa ya ga gorar, kowa kuma ya ji daga inda ta fito. Wata tsohuwa ta zo, sandar igiyar shanyarta ta karye. Wani ya zo, mangwaronsa ya nuna a can ƙololuwa, hannu ba ya kaiwa. Wani zai gyara danga, awaki suna shigar masa lambu. Babu wanda ya zo da mugun nufi, babu kuma wanda ya nemi fiye da guda ɗaya. Kowa ya zo, maigidan ya sosa ƙeya ya ce a ɗauka daga gefe, har gefen ya ƙare aka soma shiga ciki.

Sai wani dattijon ikilisiya ya zo, mutum mai furfura da ake jin nauyinsa. Za a yi babban taro, ana neman abin kafa rumfar baƙi. Ya ce, "Ɗana, aikin Ubangiji ne." Shi kam ba ɗaya ya ɗauka ba, ya sa aka zaro masa runguma guda daga tsakiya, domin na tsakiyar sun fi miƙewa. Maigidan har rakiya ya yi masa zuwa bakin hanya.

Ranar nan Maman Rahila ta kasa yin shiru. Ta ce, "Baban Rahila, ba kai ka gaya mini magini ya ce kada a zare ko ɗaya ba? Ga shi ina hango bangon can ta cikin gorar, da kuwa ko kaza ba ta iya ratsawa."

Ya ce, "Maƙwabta ne. In na hana su, da wane ido zan kalle su gobe?"

Ta ce, "To ka je ka karɓo."

Ya ce zai je. Ya kuwa je, kada mu yi masa ƙarya. Ya isa ƙofar maƙwabcin nan na farko, ga gorarsa tsaye a jikin rumfa, biki ya daɗe da wucewa. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo ruwa. Ya tambayi lafiyar jariri, ya tambayi mai jego, suka yi hirar damina da tsadar taki. Sa'an nan ya miƙe ya ce, "Dama gaisuwa ce ta kawo ni." Ya koma gida hannu wofi. Da matarsa ta tambaye shi, sai ya ce, "Ki kwantar da hankalinki. Na hau na duba, ya bushe, ya yi tauri kamar dutse." Ita kuwa ta gaskata shi, domin bai taɓa yi mata ƙarya ba.

Ginin da kansa ya fara magana. Da maigidan ya hau yayyafa ruwa, ya ga ruwan ya daina bazuwa ko'ina, yana taruwa a tsakiya, alamar wurin ya soma lotsawa. Da ya sauko ya shiga ƙarƙashi, ya ga gorar da ta rage ta lanƙwashe, wata ma ta tsage a tsaye. Katako ɗaya ya saki, ta wurin ya hango siririyar tsaga a jikin kankaren. Garin siminti yana zubowa ƙasa kaɗan kaɗan. In ka tsaya shiru za ka ji gorar tana ƙara.

Me kuke tsammani ya yi? Ya aika a kira magini? Ya sari itace a bayan gida ya tokare wurin? Ya ja igiya ya tare ƙofa ya ce kada kowa ya shiga? Ya ɗauko tsintsiya ya share garin simintin! Ya share shi tas, ya zubar a bayan danga domin kada matarsa ta gani ta tayar da maganar. Sa'an nan ya durƙusa ya yi addu'a Allah ya kiyaye. Ni ban raina addu'a ba, kun san ni. Amma mutum yana tsaye a gaban amsar addu'arsa, Allah ya nuna masa ruwa, ya nuna masa tsaga, ya jiyar da shi ƙara, shi kuwa yana roƙon a kiyaye shi daga abin da ya ƙi gyarawa.

Ana nan sai mota ta kawo bulon da za a gina sama da shi, aka sauke a bakin hanya. Maƙwabta suka gani, suka taru suka yi shawara. Suka ce, "Mutumin nan bai taɓa hana mu komai ba. Bari mu yi masa gayya, mu hau masa da bulon nan sama kafin magini ya dawo, ya huta da neman lebura." Shawara ce ta ƙauna, babu wanda zai ce ba haka ba.

Ranar Asabar da safe maigidan ya fito ya tarar da su a ƙofar gida, kowa da gammonsa, an riga an jingina tsani, ana ta raha. Ya san in ya ce a dakata, za a tambaye shi dalili. Dalilin kuwa su ne, ga su tsaye a gabansa suna murmushi, dattijon ikilisiya yana kan gaba. Ya haɗiye maganar ya ce, "Sannunku da zuwa. Allah ya saka da alheri."

Suka fara hawa da bulo. Da yake a gefe za a ɗora bango, suka ce kada su tare wa magini wurin aiki, sai suka yi ta jibgewa a tsakiya. Daidai inda ruwa yake taruwa, daidai inda dattijo ya kwashe gora. Maigidan yana tsaye a ƙasa yana kallo, gumi yana keto masa ba tare da ya ɗauki ko bulo ɗaya ba.

Kun san al'adar gayya, mai aiki ne yake ciyar da waɗanda suka zo taimako. Maman Rahila ta hura wuta a tsakar gida, ta ɗora tukwane. Wajen tsakar rana hadari ya haɗu, aka fara yayyafi. Ta ɗaga murya a gaban jama'a ta ce, "Baban Rahila, ruwa zai kashe mini wuta. In shiga da tukwanen ƙarƙashin ginin?"

Ta tambaye shi. Ba ta shiga da kanta ba, sai da ta tambayi mutumin da ya san gaskiya. Dattijon ikilisiya yana tsaye a gefensa, maƙwabcin nan na farko yana kan tsani da bulo a ka, duk sun ji tambayar suna jiran amsa. Maigidan ya dubi dattijon, ya dubi maƙwabcin, bai dubi matarsa ba. Ya ce, "Shiga."

Ta kwashe itacen wuta ta shiga, ta koma ta ɗauko tukwane. Ba ta gama gyara murhu ba aka ji gora ta fashe da ƙara mai ƙarfi, wata ta bi ta, sai tsakiyar rufin ya rufto gaba ɗaya, da bulo, da katako, da mutanen da suke sama. Ƙura ta turnuƙe. Waɗanda suka faɗo daga sama suka rarrafo, wannan da karyayyen hannu, wancan da jini a goshi, amma duk da ransu. Maman Rahila kuwa tana ƙarƙashi, ana jin muryarta kaɗan kaɗan.

Suka sa hannu su ɗaga kankaren, ya ƙi motsi. Wani ya yi ihu ya ce a kawo sanduna a ɓanɓara. Nan take mutane suka watse da gudu. Maƙwabcin nan ya tumɓuke gorar daga rumfarsa, rumfar ta faɗi bai waiwaya ba. Aka cire ta igiyar shanya da kayan wanki a jiki. Aka ɓalle danga, aka kwance rumfar majami'a. Kafin ka ce me, gorar da maigidan ya kasa buɗe baki ya nema ta dawo duka, ba wanda aka roƙa, ba wanda ya ɓata rai. Da ita aka ɗaga kankaren aka jawo matar. Ta rayu, amma ƙugunta ya karye, ba ta ƙara tsayawa da ƙafafunta ba.

Da gaskiya ta fito, maƙwabcin nan ya zo yana kuka, ya ce, "Baban Rahila, don me ba ka faɗa mini ba? Da ka ce a'a, da na sari reshen darbejiya na kafa rumfata. Ko fushi ba zan yi ba." Dattijon ya cire hularsa ya ce, "Ɗana, ka bar ni na ɗauki alhakin da ban san na ɗauka ba." Maginin ya dawo, ya tsaya a gaban tarkacen, ya ce, "Maigida, ko ba ka ji abin da na faɗa ba ne?" Maigidan ya ce, "Na ji."

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Ginin nan gidanka ne da rayuwarka. Kankaren da ya yi tauri a sama alhali cikinsa ɗanye ne, mu ne, ni da ku. Ranar Lahadi mun sha wanka, muna raira waƙa, wanda ya gan mu zai ce mun kafu, amma Allah bai gama aikinsa a cikinmu ba. Gorar kuwa ƙananan abubuwa ne da suke riƙe da mu kafin mu yi ƙarfi, irin su addu'ar safe da iyali, da faɗin gaskiya, da cika alkawari, da komawa gida kan lokaci. Ba wanda zai zo ya ce ka ba shi duka. Guda ɗaya za a nema, yau kawai, za a maido. Mai nema kuma ba zai zo da ƙaho a ka ba. Abokinka ne, ɗan'uwanka ne, wani lokaci ma babba ne da kake jin nauyinsa. Ranar da ka ba da ta farko ba abin da zai faɗi, wannan kuwa shi ne yake ruɗin mutane.

Ba na so wani ya fita daga nan ya ce an hana mu kyauta. Ka ba da aron gatarinka, ka ba da kekenka, ka raba hatsinka da mabukaci, Ubangiji yana jin daɗin haka. Amma akwai abin da ba naka ba ne balle ka bayar. Gorar nan ba ta maigidan ba ce, ta duk wanda zai ratsa ƙarƙashin ginin ce. Abin da ya yi ba kirki ba ne, ko da yake kowa ya kira shi haka. Tsoron fuskar mutane ne, ya sa masa rigar kirki.

Kada kuma ku mayar da maganar ta ruhaniya kaɗai ku bar ta a kan benci. Da yawa daga cikinku magina ne, da kafintoci, da masu ɗaurin rodi, da lebura. Gobe Litinin za ku koma wurin gini, na kuma san abin da kuke yi, gama ni ake kira asibiti in yi addu'a. Kana ganin matakin tsani ya tsage, ka tsallake shi ka yi shiru, ka bar wa na bayanka. An yar da katako ƙusoshi suna kallon sama, kowa yana kewayewa da silifas, ba wanda zai sunkuya ya lanƙwashe su. An haƙa rami an bar shi a buɗe a kan hanyar masu ɗaukar kaya. Wayar wuta tana kwance a cikin ruwan kwaɓa. An ba ka hular kwano, ka rataye ta a jikin babur wai tana sa ka zufa. Wani yana aiki a sama da guduma, kai kana zaune a ƙarƙashinsa kana cin ƙosai domin nan ne inuwa. In an yi magana ku ce, "Allah zai kiyaye." Allah ya ba ka ido biyu da baki, ta nan ya fara kiyaye ka!

Abin da ya fi ɓata mini rai ba rashin gani ba ne, kuna gani sarai. Nauyin baki ne. Mai aikin ya girme ni, ba zan ce masa katakon da muke takawa ya ruɓe ba. Kada a ce na cika tsoro. Kada a ce ina koya wa manya aiki. Ka faɗa cikin ladabi, ka durƙusa in ka ga dama, ka ce, "Baba, a yi haƙuri, wurin nan ba lafiya, a dakata a gyara." Sau da yawa za ka tarar mutumin da kake jin nauyinsa godiya zai yi maka, kamar yadda maƙwabtan nan za su yi da an gaya musu. In ma ya yi fushi, fushinsa zai huce kafin yamma. Kafin ka fara aiki ka zagaya ka duba sama, ka duba ƙasa, ka tambayi kanka wa zai bi ta nan bayanka. Abin da ka gani ka gyara, abin da ya fi ƙarfinka ka tare wurin ka kira wanda ya iya.

Akwai magana ɗaya da ta rage a labarin. Da aka sallamo Maman Rahila daga asibiti, aka kwantar da ita a kan tabarma a ɗakinta, masu gaisuwa suka watse, ya rage daga ita sai mijinta. Ta ce, "Baban Rahila, lokacin da na tambaye ka in shiga, ka san ginin ya tsage?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na sani."

Sa'an nan ta ce, "Na yafe maka, domin ni ma an yafe mini. Amma ka ji kunyar kowa a garin nan. Ni kaɗai ce ba ka ji kunyata ba."

Kowannenku yana da wanda ya gaskata da shi, wanda zai shiga ƙarƙashin gini domin kai ka ce ya shiga. Gobe in kunya ta kama bakinka, ka tuna da fuskar wannan mutumin kafin ka dubi ta sauran. Bari mu sunkuyar da kai mu yi addu'a.